Shekarar Farko A Makarantun Hafsoshin Sojan Amurka: Tambayoyi Da Amsoshi

Tambayoyin nan kusan su ne dai ke dawowa duk shekara, daga bakin matasan da ke shirin shiga da kuma iyayen da suka raka ɗa ko 'ya har bakin ƙofa suka koma gida da zullumi. Na fara da waɗanda kowa ke yi, sannan na gangara zuwa waɗanda ba a cika yi ba sai abin ya fara nauyi.

Waɗanne makarantu ake nufi?

Gwamnatin tarayyar Amurka tana da makarantu biyar da ke haɗa karatun digiri da horon zama hafsa. Ta sojan ƙasa tana West Point, a bakin kogin Hudson cikin jihar New York, an kafa ta a 1802. Ta sojan ruwa tana Annapolis a jihar Maryland tun 1845. Ta sojan sama tana kusa da birnin Colorado Springs, an kafa ta a 1954, rukuninta na farko ya fita a 1959. Sai ta masu tsaron gaɓar teku a New London, jihar Connecticut, da ta jiragen ruwan kasuwanci a Kings Point. Yawancin abin da ke nan ya shafi manyan ukun farko ne, waɗanda kowace ke riƙe da ɗalibai sama da 4,000.

Wa ke iya shiga, kuma nawa ake biya?

A manyan ukun, sai mutum ya cika shekara 17 kuma bai wuce 23 ba a ranar 1 ga Yuli na shekarar shiga, ba shi da aure, ba shi da wanda doka ta ɗora masa ciyarwa. Bayan sakamakon karatu da gwajin lafiya da na ƙarfin jiki, yana buƙatar wanda zai gabatar da sunansa, galibi sanata ko ɗan majalisar wakilai na mazaɓarsa. Makarantar tsaron gaɓar teku ce kaɗai ba ta neman wannan. Mata sun fara shiga a 1976, rukuninsu na farko ya kammala a 1980. Akwai 'yan gurabe kaɗan na ɗaliban ƙasashen waje, amma gwamnatin ƙasarsu ce ke gabatar da su ta ofishin jakadancin Amurka, kuma ƙasarsu za su koma su yi wa aiki.

Ba a biyan kuɗin karatu, ko na ɗaki, ko na abinci, ko na asibiti. Har albashi ake ba ɗalibi duk wata, sai dai a shekarar farko kuɗin kaki da littattafai da kwamfuta da wanki suna cinye mafi yawansa, abin da ke zuwa hannu bai taka kara ya karya ba. Biyan na gaske yana zuwa bayan kammalawa: aƙalla shekara biyar a bakin aiki, da wasu uku a jerin sojojin ko-ta-kwana. Maganar wanda ya bari kafin nan tana can ƙasa.

Me ya sa ake cewa shekarar farko ce mai wuya?

Domin da gangan aka tsara ta haka. A West Point da Annapolis ana kiran ɗan shekarar farko plebe, daga kalmar Latin da ke nufin talaka, a makarantar sojan sama kuma doolie. Shi ne ƙasan kowa. Akwai hanyar da zai bi, da yadda zai yi tafiya, da inda ba zai yi magana ba, da ayyukan barikin da ke kansa, kamar raba wanki da kwashe shara da tsayawa a baranda yana shelar saura minti nawa a fita fareti.

Wanda ya shiga nan yawanci shi ne zakaran ajinsa a sakandare, bai saba faɗuwa ba. Sai a jibga masa aikin da ya fi lokacinsa, ta yadda ko ya yi iya ƙoƙarinsa sai wani abu ya sulluɓe. Ana so ya ɗanɗani gazawa tun yana ɗalibi, ya koyi zaɓar abin da ya fi muhimmanci, ya kuma san yadda bin umarni yake kafin ranar da zai ba wasu. A ganina wannan ne ainihin darasin shekarar, kuma wanda ya gane shi da wuri ya rage wa kansa rabin wahala.

Yaya ranar farko take?

Tana zuwa ne a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. A West Point ana tara sababbin da iyayensu a yi musu ɗan jawabi, sannan a ce su yi sallama, lokacin da ake ba su bai kai minti biyu ba. Uwa tana gyara wa ɗanta wuyan riga, ba ta ƙarasa abin da take son faɗa ba aka kira layi, ya ɗauki jakarsa ya bi sahu bai waiwayo ba, domin an ce kar ya waiwaya. Daga nan aski, awon kaki, allurai, karɓar kaya, koyon ƙamewa da sarawa. Ana koya masa amsoshi huɗu da zai riƙa bayarwa: e, a'a, ba ni da uzuri, ban gane ba. Da yamma a jera su cikin kaki su yi rantsuwa, iyaye na leƙe daga nesa, da yawa ba sa iya tsamo nasu a cikin kawunan da aka aske iri ɗaya.

Shawarata ga iyaye ita ce ku yi sallamar gaske tun daren jiya, a natse, da addu'a da duk nasihar da za ku yi. Ranar ba ta da wurin wannan.

Me ake yi a makonnin horon farko?

Mako shida zuwa bakwai ne, kafin a fara karatu. Ana tashi kafin gari ya waye a fita motsa jiki, sannan fareti, harbi, taimakon gaggawa, tattaki da kaya a baya, dubar ɗaki. A West Point ana rufe horon da tattakin kimanin mil 12 daga sansanin daji zuwa cikin makaranta. A Annapolis akwai iyo da tuƙin ƙananan jiragen ruwa da koyon kashe gobara. A makarantar sojan sama rabin horon na biyu ana yin sa ne a tantuna, a wani kwari da ake kira Jacks Valley, kuma makarantar tana sama da ƙafa 7,000 daga doron teku, wanda ya taso daga ƙasa-ƙasa sai ya yi kwanaki yana haki kafin ƙirjinsa ya saba.

Masu horarwar yawancinsu ɗaliban manyan azuzuwa ne, waɗanda shekara biyu ko uku da suka wuce su ma a wannan layin suke. Su ma jarrabawa ake yi musu, ta shugabanci, hafsoshi na sa musu ido. Ana karɓe waya, sai 'yan kira kaɗan da aka ƙayyade. Wasiƙar takarda ita ce hanya, kuma ba ƙaramin abu ba ne a kira sunan mutum lokacin rabon wasiƙu.

Me ya sa ake sa su haddace abubuwan da ba su da amfani?

Kowace makaranta tana da ɗan littafin da sabon shiga ke yawo da shi: Bugle Notes a West Point, Reef Points a Annapolis, Contrails a sojan sama. A ciki akwai tarihi, muƙamai, taken makaranta, sunayen makamai da jirage. Ban da shi, ana so ya san abincin da za a ci yau, da saura kwana nawa a yi wasa da abokan hamayya, da labaran jarida. Babba zai tare shi a hanya ya tambaye shi cikin tsawa. Sanin miyar rana ba ya kare kowa a fagen daga, amma iya fito da magana daidai lokacin da zuciya ke bugawa, wani kuma yana daka maka tsawa a fuska, shi ne abin da hafsa zai buƙata ranar da yake riƙe da rediyo yana ba da rahoto.

Idan an gama horon farko, sauƙi ya zo ke nan?

A'a, nauyin ne ya sauya kafaɗa. Kowa digirin kimiyya zai fita da shi ko da tarihi ya zaɓa, don haka ba mai tsere wa lissafi mai zurfi da kimiyyar sinadarai da fizis. Azuzuwan ƙanana ne, ba wurin ɓuya. A West Point har yanzu ana bin tsarin Sylvanus Thayer, wanda ya shugabanci makarantar daga 1817 zuwa 1833: ɗalibi ya karanta darasi tun kafin ya shigo, a aji a tashe shi gaban allo ya warware. Bayan darasi wasanni dole ne ga kowa, al'adar da Janar Douglas MacArthur ya ƙarfafa lokacin da ya riƙe makarantar daga 1919 zuwa 1922. Akwai dambe da iyo a cikin darussan da ake ba maki. Sai dare ya yi ake samun zaman karatu, ga takalmi ba a goge ba, ga haddar gobe.

Mafi yawan waɗanda ke shiga matsala a wannan zangon ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Barci suka rasa, sannan suna jin kunyar cewa ba su gane ba. Malamai a waɗannan makarantu suna ware lokaci don ƙarin bayani, akwai cibiyoyin taimakon karatu, kuma ɗalibin da ya je tun makon farko da ya ga maki ya faɗi yakan farfaɗo. Wanda ya bari sai ƙarshen zango yakan tarar kwamitin karatu na jiransa.

Wane lokaci ne ya fi nauyi a cikin shekarar?

Mutane na zaton makonnin tsawa ne. Waɗanda suka bi ta ciki sun fi ambaton Janairu zuwa Maris. Ɗalibi ya je gida hutun ƙarshen shekara, ya kwana a gadonsa, ya ga abokansa na jami'a suna rayuwarsu, sai ya dawo ya tarar da sanyi da duhu. A West Point gine-ginen dutse ruwan toka ne, kakin ruwan toka, kogin da sararin sama ma haka, har suna suka raɗa wa watannin, lokacin ƙunci. A Annapolis suna ce musu zamanin duhu. Babu sabon abu da ake jira, ƙarshen shekara kuma yana nesa.

A horon farko kowa na shan wahala tare, a fili, ana gani. A watannin sanyi wahalar ta koma ciki, kowa ya ɗauka shi kaɗai ne. Kaɗaici a makarantun nan yana da dogon tarihi mai ɗaci. Henry O. Flipper, baƙar fata na farko da ya kammala West Point a 1877, ya yi shekarunsa kusan babu mai yi masa magana. Benjamin O. Davis ƙarami, shi ma baƙar fata, wanda ya fita a 1936, shekara huɗu abokan karatunsa suka ƙaurace masa, ba ya da abokin ɗaki, daga baya ya zama janar. Ana yawan ba da labarinsu don a nuna juriya, ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne girman zaluncin da ke cikin barin mutum shi kaɗai a tsakiyar dubban jama'a.

Ɗana ya kira yana kuka, ya ce zai bari. Me zan ce masa?

Ki fara da saurare, Hajiya, ko kai Malam. Kira irin wannan ya zama ruwan dare, kuma sau da yawa yaron ya tara abin da bai iya faɗa wa kowa ba ne ya sauke a kunnen wanda ya amince da shi. Yana iya ajiye wayar ya koma cikin abokansa ya sake, ke kuma ki kwana ba barci. Kar a ce masa ya ba da kunya, kar kuma a ce ya tattaro kayansa gobe. A tambaye shi me ya faru yau, ya ci abinci, awa nawa ya yi barci, da wa yake magana a can. A roƙe shi kar ya yanke shawara a ranar da ta ɓaci, ya sa wa kansa wani lokaci na kusa, ƙarshen mako ko ƙarshen zango, sannan a sake magana.

Amma akwai kukan da ba na gajiya ba. Idan ya daina cin abinci, ko yana cewa rayuwa ba ta da amfani, ko ya ambaci cutar da kansa, ko ya ce wani ya taɓa shi ko ya ci zarafinsa, to ba maganar haƙuri ba ce. Kowace makaranta tana da limaman addinai daban-daban da masu ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da ofishin karɓar ƙorafin cin zarafi, kuma a Amurka lambar 988 ta agajin gaggawa ce ga mai tunanin kashe kansa. A nan iyaye su kira makaranta kai tsaye, ba sai sun nemi izinin yaro ba. Idan kuwa an bi komai aka ga aikin soja ne bai kwanta masa ba, duba tambayar barin makaranta.

Ina iyakar horo, ina farkon cin zarafi?

Tsawa, maimaita aiki, gwale-gwale a lokacin da aka ƙayyade, tattakin hukunci da bindiga a kafaɗa ranar hutu, duk suna cikin tsari. Duka, hana abinci, zagin addini ko launin fata, wulaƙanci, da taɓa jiki ba sa ciki, doka ta hana su, kuma babban da ya yi yana iya rasa gurbinsa. Ba a rabu da matsalar ba: ma'aikatar tsaron Amurka tana fitar da rahoto a kai a kai kan cin zarafin jinsi a makarantun, kuma rahotannin sun nuna abin yana nan, mata sun fi shan sa. Ɗalibi ya san cewa kai ƙara ba rauni ba ne, kuma akwai hanyar kai rahoto a asirce wadda za ta ba shi magani da shawara ba tare da an buɗe bincike ba sai ya so.

Mece ce ƙa'idar gaskiya da ake ta magana a kai?

A West Point jimla ɗaya ce: ɗalibi ba zai yi ƙarya ba, ba zai yi maguɗi ba, ba zai yi sata ba, ba kuma zai kau da kai ga mai yi ba. Ta sojan sama kusan haka take. Ukun farko kowa ya yarda da su. Na huɗun ne mai ɗaci, domin yana nufin ka fallasa abokin ɗakinka da kuka sha wuya tare. Ɗalibai ne ke zaman sauraren ƙarar, shugaban makaranta ya yanke hukunci, wanda zai iya kaiwa ga kora. Dalilin tsananin a bayyane yake: hafsan da ya ce ya duba man jirgi alhali bai duba ba, rayuka ne a hannunsa. Ga sabon ɗalibi, faɗuwa jarrabawa abu ne da ake gyarawa, kamar yadda aka faɗa a tambayar karatu, satar amsa kuwa tana iya rufe ƙofar.

Me ya faru a 2020, lokacin korona?

Shekarar ta gwada tsarin ta inda ba a zata ba. A Maris ɗaliban West Point da Annapolis suna hutu aka ce kar su dawo, karatu ya koma ta intanet. Makarantar sojan sama ta sallami ƙananan azuzuwa uku ta riƙe 'yan ajin ƙarshe, kowa a ɗakinsa shi kaɗai. Cikin 'yan kwanaki a ƙarshen watan biyu daga cikinsu suka rasu, hukumar ta sassauta dokokin keɓewar, ta kuma matso da bikin yayewa zuwa 18 ga Afrilu. A wannan bikin ne aka fara ba wasu muƙami a sabuwar rundunar sararin samaniya. Annapolis ta yi nata bikin ta intanet. West Point ta dawo da 'yan ajin ƙarshe sama da 1,000, ta killace su, aka yaye su ranar 13 ga Yuni a kujeru nesa da juna, babu iyaye, Shugaba Donald Trump ya yi jawabi.

Sababbin da suka shiga a wannan shekarar sun fara ne da gwaji da killacewa da takunkumi a fuska, ba su san fuskokin abokan rukuninsu sosai ba, fita gari da ziyarar iyaye duk an taƙaita. Wasan ƙwallon sojan ƙasa da na ruwa, wanda aka saba yi a babban birni, an yi shi a West Point ranar 12 ga Disamba, karon farko tun 1943, sojan ƙasa suka ci 15 da nema. A watan ne kuma aka bayyana cewa ana tuhumar ɗalibai 73, kusan dukkansu 'yan shekarar farko, da satar amsa a jarrabawar lissafi da suka yi daga gida a watan Mayu. Shi ne mafi girma a makarantar tun na 1976. An kori kaɗan, sama da 50 suka maimaita shekara.

Ba na ganin korona uzuri ce ga maguɗi. Amma shekarar ta nuna cewa abin da ke riƙe ɗalibi a nan shi ne mutanen da ke kewaye da shi, abokin ɗaki da ke tashinsa, da babban da ke lura idan fuskarsa ta sauya. Da aka cire su aka bar nauyin, sai wuraren rauni suka fito.

Musulmi zai iya riƙe sallah da azumi a can?

Zai iya, amma sai ya yi magana da wuri. Makarantun suna da ofishin limamai wanda aikinsa ne ya taimaki kowane ɗalibi ko ba addininsu ɗaya ba, akwai wuraren ibada da ƙungiyoyin ɗalibai Musulmi, kuma ana iya neman abincin halal da izinin zuwa Juma'a. A makonnin horon farko ne aka fi matsuwa, domin kowane minti yana da mai shi, don haka a rubuta wa ofishin limamai tun kafin ranar shiga. Azumi yana buƙatar shiri da shugaban rukuni kan sahur da buɗa-baki da gwajin ƙarfin jiki. Dokokin hijabi da gemu suna bin ƙa'idar kowace runduna kuma sukan sauya, izinin da aka samu a rubuce shi ne abin dogaro.

Idan ya bar makarantar, me zai biyo baya?

Wanda ya shigo daga sakandare ya bari a cikin shekara biyun farko ba a bin sa bashin aiki ko na kuɗi, kuma darussan da ya ci yakan iya kai su wata jami'ar. Daga ranar da ya shiga aji a shekara ta uku alkawari ya hau kansa: idan ya bari ko aka kore shi, ana iya tura shi aiki a matsayin ƙaramin soja ko a ce ya biya kuɗin karatun, wanda ba kaɗan ba ne. Wanda dama soja ne kafin ya shigo yakan koma ya ƙarasa wa'adinsa. Shekara biyun an bar su ne don mutum ya auna kansa, kuma wanda ya auna ya ga ba hanyarsa ba ce, gara ya fita a lokacin, maimakon ya riƙe sojoji da rabin zuciya.

Yaushe shekarar ke ƙarewa, kuma yaya?

A West Point da makarantar sojan sama akwai bikin karɓa, inda manyan da suka yi watanni suna tsawa za su miƙa hannu su faɗi sunansu na yanka, a karon farko ƙaramin ya kira su da shi. A Annapolis kuwa abin a bainar jama'a ake yi, cikin watan Mayu. Akwai wani dogon dutse mai ƙafa 21 da aka kafa don tunawa da William Lewis Herndon, kwamandan da ya nitse da jirginsa a 1857 bayan ya ga an kwashe mata da yara. Ana shafe dutsen da maiƙo tun daga ƙasa, a ɗora hular 'yan shekarar farko a ƙololuwa. Aikinsu su sauke ta su sa hular manya.

Ba tsani, ba igiya. Masu ƙarfi su rungume gindin dutsen su sarƙe hannuwa, wasu su hau kafaɗunsu, wasu su hau na waɗannan, ana cire riguna ana goge maiƙon, ana watsa musu ruwa, ginin mutanen ya rushe su sake tashi. Yakan ɗauki awa biyu ko fiye, a 1995 ya haura awa huɗu. A ƙarshe sai a tura wani siriri mai dogon hannu, ƙafarsa a kan wuyan wanda watakila a Yulin bara bai san sunansa ba, ya miƙa har yatsunsa su kai hular.